Abba, Kada Ka Ce Wa Likita “Da Sauƙi”

Unguwar Shanu, Kaduna.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da ƙarfin jiki da buɗaɗɗen kunne. Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka da kowa sai Shi.

Kada ka yi dariya don uwarka ta rubuto maka wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da nawa. Na gwada faɗa maka da baki, amma ka iya “To Mama” ɗin nan naka mai kashe magana tun ba ta miƙe ba. Nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ka ga rubutun ya karkace ka tuna da girmana na koye shi.

Tafiyarka Ingila karatu saura ’yan kwanaki, kuma ka ga yadda dangi suka rabu a kanta. Baffanka na Kurmin Mashi ya ce ba a tura mai sikila ƙasar sanyi. Gwaggonka ta Rafin Guza ta ce son a sani ne zai sa in hallaka ɗana. Babanka ya yi shirun nan nasa da ba ka gane gabansa balle bayansa. Ni na miƙe na ce za ka tafi, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Tun kana goye ake jera mini abubuwan da ba za ka iya ba. An ce ba za ka yi tsawon rai ba, a gabana aka faɗa, ina ba ka nono. An ce firamare ma ta ishe ka. An ce jami’a sai masu ƙashin lafiya. Ga ka nan da digirinka, har wasu a wata ƙasa sun ga takardunka sun ce ka zo. Masu faɗa ba su gaji ba, ni ma ban gaji ba.

Sai dai akwai abin da nake tsoro, kuma ba sanyi ba ne. Sanyi riga ake sa masa. Bakinka nake tsoro. Ranar nan da ka zauna a tsakar gida ka buɗe muryar waya kana magana da matar da ke kula da lafiyar ɗalibai a makarantar da za ka, ina bakin famfo ina wanke-wanke, kuma ka san kunnena ba ya zuwa hutu. Na ji ta tambaye ka ko ciwon yana takura maka a ’yan watannin nan. Ka ce mata, “Not really.” Wato ba sosai ba. Kai da aka kwantar bayan ƙaramar salla ana maka ƙarin ruwa, kana cizon filo don kada na gadon kusa ya ji nishinka! Saura kaɗan in jefe ka da soson da ke hannuna. Da kuka zo sallama kuwa sai ga ka kana ta kwarara mata godiya, “really” kaza, “really” kaza, kamar ta ba ka kyautar gida da mota.

Ba Turanci zan koya maka ba, wane ni. Kalma ɗaya ce tak zan yi maka magana a kanta, wannan “really” ɗin da Bature ke sawa inda mu za mu ce sosai, ko ƙwarai, ko da gaske. Ita ma don na sha wuya a kanta ne. Abin da na ji ka yi a wayar nan ba baƙo ba ne a wurina, nawa ne, a jikina ka ɗauka. Ka kwashe ƙarfin maganarka ka zuba a godiya, ka bar ciwonka da ragowa. A nan gida in ka yi haka ina kusa, zan gyara. A can in ka yi, za a rubuta abin da ka faɗa, a sallame ka ka koma ɗaki kai kaɗai.

Bari in fara da kuskurena na farko. Ka san halinmu. Ka je dubiya ka tarar da mutum ko ido ba ya iya buɗewa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Kai ma ka ce Allah Ya ƙara sauƙi, ka fito ka ce wa na waje jikin nan fa sai addu’a. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya, domin mai dubiya da ido yake saurare. Haka aka rene ni a Zariya. Innata takan yi naƙuda a ɗaki muna wasa a ƙofa, ba mu san ana yi ba sai mun ji kukan jariri. Na tashi na ɗauka cewa faɗin ciwo rashin tarbiyya ne, kuma da wannan tarbiyyar na shiga asibiti da kai.

Kana tsakiyar firamare ka fara riƙe ƙugu in ka tashi daga zaune. Likitar masu sikila a lokacin ’yar kudu ce, doguwa mai tabarau, Hausarta ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Ni kuma Turancina na gaisuwa ne da ɗan abin da na tsinta a layin asibiti. Duk ranar ganin likita sai ta tambaye ni yaya ƙafar, ni kuma in ɗauki da sauƙi in juya shi zuwa Turanci in miƙa mata. Kai ma ta tambaye ka, ka kalle ni, ka maimaita abin da na ce. Ita kuwa baiwar Allah ta rubuta cewa yaro yana samun sauƙi. In za mu fita sai in tsaya a bakin ƙofa in yi ta godiya har da ɗan rusunawa, ina jera kalmar nan da na ji nas-nas suna faɗa, ina jin ni ma na yi Turanci.

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce wata ta kama. Ranar da ta ga ka shigo kana dafa bango, ba ta ma tambaye ni ba, ta tura mu hoton ƙashi. Da aka kawo ta ɗaga shi a taga ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo da Hausarta ta ’yan koyo ta ce, “Mama, me ya sa kai ba faɗa? Kullum da sauƙi, kullum da sauƙi. Wannan ƙashi ba sauƙi tun da daɗewa.”

Na ce, “Likita, ai haka ake cewa.”

Ta ce, “A gida ka ce haka. Nan ba gida.”

Ɗingishin da kake yi har yau daga nan ne. Ko da na faɗa da wuri da an tare shi, ko ba za a iya ba, Allah ne masani, ita ma likitar ba ta yanke ba. Ba na zama in yi ta kuka a kai, kuma ban ba kowa damar yi mini gori ba. Amma na fito daga ɗakin nan da wani irin fushi da har yau bai gama hucewa ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin duk wanda ya koya mini cewa rufe baki shi ne mutunci.

Don haka ka riƙe wannan. Da sauƙi gaisuwa ce. Ka ba Baffanka ita, ka ba liman, ka ba abokanka in sun kira. Likita ba ɗan dubiya ba ne, bai zo gaishe ka ba, aiki ya zo yi, kuma da abin da ka faɗa masa zai yi aikin. An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To a can ba wanda ya tashi da kurciyarmu, ba wanda zai kalli yadda ka matse leɓe ya gane. “Not really” ɗin nan da ka samo, da sauƙi ce ta sa kwat. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Abba. In an tambaye ka yana ciwo, kuma yana yi, ka ce “It really hurts,” ka nuna wurin da yatsa.

Fushin nan ne ya kai ni makarantar manya da ake yi bayan la’asar a firamaren unguwarmu. Gwaggonka ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Oh ni! Uwar ’ya’ya da jakar makaranta. Gwamna za ki zama ko minista?” Na ce mata, “Likita nake so ta ji ni.” Na ɗaura mayafina na wuce. Malamarmu wata dattijuwa ce daga kudancin Kaduna, Malama Maryamu, Allah Ya saka mata. Tun ranar farko na ce mata ni ba wasiƙar neman aiki na zo koya ba, ta koya mini yadda zan ce abu ya yi tsanani. Ita ta nuna mini cewa mu namu sosai a ƙarshe yake zuwa, mu ce yana ciwo sosai, su kuwa nasu yana shiga ne dab kafin kalmar da ake son a ba ƙarfi. Ta ce in kula da inda na ajiye ta in akwai a’a a maganar. In ta riga a’ar zuwa, ta ƙara mata nauyi. In ta biyo bayanta, ta sassauta ta, magana ta koma ba sosai ba. Na riƙe wannan kamar karatun salla.

Daga nan kuma sai na faɗa kuskure na biyu, wanda in na tuna har yanzu nakan yi dariya ni kaɗai a kicin. Wanda bai saba da gishiri ba, ranar da ya samu sai miya ta gagara sha. Na samu kalma, sai na hau zuba ta a komai. Ka yi atishawa, na ruga asibiti, “really, really.” Ka ƙi cin tuwo, “really, really.” Layi ya yi tsawo, zafi ya dame ni, katinmu ya ɓata, duk da ita nake kai ƙara, kuma da ƙarfi, har da buga tebur. Ina ganin na rama shekarun da na yi shiru. Ban ankara ba ashe nas-nas sun raɗa mini suna. In na shigo sai in ji ana cewa, “Ga Maman Rili nan ta iso.” Har mai shara ya san ni da sunan. Ni kuwa ina ta fankama, a zatona tsorona ake ji.

Sai wata Juma’a, kana ƙaramar sakandare, ruwan sama ya dake ka a hanyar dawowa daga masallaci. Kafin la’asar ka fara riƙe ƙirji. Wannan karon daban ne, na gani da idona, numfashinka sama-sama kamar na ɗan tsako. Na tare keke muka tafi. Muka tarar da layi har waje. Na kutsa wurin nas ɗin da ke bakin ƙofa ina ɗaga murya da kalmata da na saba. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Maman Rili, zauna mana, za a kira ku.” Ba muguwa ba ce, na san ta, tana da kirki. Abin da ta ji a bakina ranar shi ne abin da ta ji ranar atishawa, da me za ta bambance? Ni na zubar da darajar kalmar da hannuna, ranar da nake bukatarta kuma ta ƙi yi mini aiki.

Na tsaya cak. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na sauke murya. Na kama hannunta na ɗora a ƙirjinka, na ce, “Sista, dubi leɓensa. He really cannot breathe.” Sau ɗaya na faɗa. Na ƙara da cewa tun bayan masallaci ya fara, kuma bai taɓa yin irin wannan ba. Ta kalle ka, ta kalle ni, ta ture kujerarta ta miƙe. Kafin in gyara mayafi an shige da kai an sa maka robar numfashi. Washegari aka ce sai an ƙara maka jini, kuma Baffan nan naka da nake faɗa da shi yanzu shi ya naɗe hannun riga ya bayar. Kada ka manta masa da wannan ko bayan raina.

To ka ga gefe biyun da nake so ka bi ta tsakiyarsu. Kada ka hana ciwonka kalmar, kada kuma ka raba ta sadaka. In an riƙe maka ƙofa, godiya ɗaya ta wadatar. In abinci ya yi daɗi, ka ce ya yi daɗi. Ka bar mutanen da za ka zauna da su su saba da cewa kai mai faɗin abu daidai girmansa ne, don ranar da suka ji ta fito daga bakinka su ajiye abin da ke hannunsu. Kuma in ka faɗe ta kada ka bar ta tsirara. Ka biyo ta da abin da za a iya kamawa: ina ne, tun yaushe, me ya hana ka yi, da me ya bambanta da na kullum. Wata mata da muke haɗuwa a layi, ɗanta yana can wajen, ta ce sukan ce ka ba ciwon lamba daga ɗaya zuwa goma. Na san ka, in takwas ne za ka ce huɗu don kada a ce ka cika raki. Ka faɗi takwas ɗinka, ba gasar jarumta ake yi ba.

Akwai kuma wani tarkon. Wani lokaci in ka faɗa musu abu sai su mayar maka da kalmar da sigar tambaya, “Really?” Da gaske? Kai ɗan gidan nan ne, an koya maka in babba ya ce da gaske, ka sunkuyar da kai ka rage magana. Na sha ganinka kana yi. Malama Maryamu ta ce sau da yawa ba ƙaryata ka ake yi ba, mamaki ne, ko so ake ka ci gaba. Ko ma ƙaryata ka ake yi, ina ruwanka? Jikinka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗago kai ka kalli mutum ka ce e, ka sake faɗin abin da ka faɗa ba tare da ka rage masa ko ƙwayar gero ba.

Kuskurena na uku ya fi sauran daɗewa, don shi a gida na yi ta yin sa, ina ganin alheri nake maka. Bayan na koyi buɗe baki a gaban likita, ban koya maka ba. Na zama bakinka. A asibiti ni ke magana kana kwance. A gida kuma in ’yan dubiya sun cika ɗaki, sai in yi ta yabonka a gabansu: “Abba ai jarumi ne, ko uffan ba ya cewa.” Su ce masha Allah, namijin duniya. Ina kallonka kana haɗiye kuka don kada ka ba ni kunya, ni kuma ina jin daɗi, don ina so masu cewa ba za ka rayu ba su ga ƙarfinka. Da su nake yaƙi, amma a jikinka ake gwabzawa. Yaro kuwa abin da aka yaba masa shi yake ƙara yi. Ka girma ka zama gwanin shiru har ni kaina sai na bi ka da ido kafin in gane.

Na taɓa kai wa Babanka wannan magana, don na ji Gwaggonka tana ce maka mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Na ce masa ni dai na daɗe a layin asibiti ban ga wanda aka sallama da romon dutse ba. Ya yi murmushi ya ce, “Rabi, ba ki da dama.” Sannan ya ce haƙurin da aka umarce mu da shi shi ne kada bawa ya yi fushi da hukuncin Ubangijinsa. Faɗa wa mai magani inda ke ciwo kuwa neman magani ne, shi ma an umarce mu da shi. Ka san Babanka ba ya magana biyu a rana, don haka ka riƙe wannan da kyau. Ka ce alhamdu lillahi a zuciyarka da bakinka, sannan ka juya ka gaya wa likita gaskiya, ɗaya ba ya ɓata ɗaya. Kuma ka samu mutum ɗaya a inda za ka zauna, ko abokin ɗaki ko maƙwabci, ka gaya masa ciwonka tun kana lafiya, da abin da zai yi in ya ga ka kasa tashi. Shan ruwa da rigar sanyi da magungunanka ba sai na tuna maka ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru ranar da Baffanka ya zo shi da Gwaggonka, wadda aka aike ka unguwar Kawo don kada ka ji. Ya zauna a falo ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Maman Abba, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nema masa karatun nan a Zariya, ga shi kusa, in ya yi tari mu ji.”

Na ce, “Yaya, na gode da kulawa. Amma tun yana zane ake ce masa ƙin tashi ya fi. In ya biye wa wannan, har ya mutu bai taka rawa ko ɗaya ba. Ciwon nan a Kaduna ma yana kama shi. Ba mu muke riƙe da ransa ba.”

Gwaggonka ta ce, “Ke dai ki ce kina son a ce ɗanki yana Turai.”

Na ce, “Ina so mana. Laifi ne? Wadda aka ce ɗanta ba zai yi rai ba, in ta so a ce yana Turai ai ba ta yi zunubi ba.”

Baffanka ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Sai ya kalle ni ya ce, “Ni ba sanyi ne ya fi damuna ba. Yaron nan ba ya faɗa. Ko a gabanmu ba ya faɗa. Ke ce bakinsa tun yana yaro. A can wa zai zama bakinsa?”

Wallahi Abba, duk tsiwata na san gaskiya ya faɗa, kuma idonsa ya kawo ruwa da yake faɗa. Na ce, “Shi zai zama bakin kansa. Na ɗaukar muku wannan alkawari.” Babanka ya ɗago ya ce, “To, an ji. Allah Ya sa albarka.” Da wannan aka tashi. Ka ga ke nan ba biza ce ta buɗe maka hanya ba, maganata ce da na jingina a gaban dangin ubanka.

Shi ya sa abin da na gani jiya ya hana ni sukuni. Da ka zo ɗaga babban akwatin nan, da hannun hagu ka ɗauka, kai da ba bahago ba. Da ka yi alwalar la’asar na ga yadda ka ɗaga na daman a hankali kamar na aro. Na kalli idonka a hasken tsakar gida, farinsa ya fara sauyawa. Na ce, “Abba, lafiya?” Ka ce, “Lafiya lau, Mama.” Ni za ka gaya wa? Na san abin da kake lissafawa. Kana ganin in ka ce kafaɗarka tana ciwo a wannan makon, Baffa ya ci nasara, Gwaggo ta samu abin faɗa, tafiya ta rushe. Don haka za ka danne, ka hau jirgi da shi, ka sauka cikin sanyi da shi, ka ce in ka isa ka san yadda za ka yi.

Ba za a yi haka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gobe da safe za mu asibiti, ni da kai. Zan shiga tare da kai in zauna a kujerar gefe, kuma ba zan ce ko kanzil ba. Karon farko ke nan tun da na haife ka, ka san kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Kai za ka yi magana. In likita ya ce ƙaramin abu ne, ya ba ka magani, alhamdu lillahi. In ya ce a ɗaga tafiyar zuwa wani mako, za a ɗaga, kai ka rubuta wa makarantar, ni kuma ka bar ni da Kurmin Mashi da Rafin Guza. Na iya da su, na daɗe ina iyawa. Ɗaga tafiya ba fasawa ba ne, kuma duk wanda ya ce fasawa ne zai ji daga gare ni.

Amma in likita ya tambaye ka gobe, na ji ka ce da sauƙi, ko da Hausa ko da Turanci, to ka sani ni da kaina zan ɗauki fasfonka in kai wa Baffanka in ce ya fi ni gaskiya. Ni da na yi faɗa da kowa don ka tafi, ni zan tare ƙofa. Zan iya jure a ce na sha kaye. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne a kira ni daga wata ƙasa a ce an same ka a ɗaki, ba ka gaya wa kowa ba. Ina so ka tafi, Abba, ina so har cikin raina, kuma ina jin tsoro. Duka biyun gaskiya ne, na kuma faɗa maka su daidai girmansu.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sassauta maka abin da Ya jarrabe ka da shi, Ya sa ya zama kaffara. Allah Ya buɗe maka baki a inda ya kamata, Ya ba masu saurarenka kunnen ji da zuciyar tausayi. Ya kai ka lafiya, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka ina raye. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Ka sa riga mai sauƙin cirewa, za su so ganin kafaɗar. Mu fita da wuri kafin layi ya yi tsawo.

Wassalamu alaikum.

Mamanka.